Jirgin Ma'aikatan Richmond: Layin Dogon da Aka Haɗa da Tsince-tsince

Ranar 18 ga Janairun 1943 wani jirgin ƙasa ya tashi daga Emeryville, a gabashin mashigin ruwan San Francisco da ke jihar Kalifoniya, ya miƙa arewa zuwa Richmond. Wanda ya san harkar jirgi, in ya ga taragan nan, sai ya riƙe baki. Na katako ne, an ƙera su tun kafin 1900, kuma sun riga sun gama wahalarsu a New York, can ɗaya gefen ƙasar, har an jingine su ana jiran ranar da za a farfasa. Dogon da suke bi tsintowa aka yi. Wayar lantarkin da ke samansu daga wani wuri aka kwanto ta. Katakon gadar da za su hau ma ya taɓa yin wani aikin kafin wannan. Haka layin ya yi ta jigila shekara biyu da wata takwas da 'yan kwanaki, ya tsaya ranar 30 ga Satumban 1945, aka tattare shi kamar tabarma.

Sunansa a hukumance Shipyard Railway, tsawonsa bai kai kilomita 30 ba. Hukumar Jiragen Ruwa ta Amurka ce ta biya kuɗin gina shi, kamfanin Key System mai jiragen lantarki a yankin ya gina ya kuma tafiyar da shi. Abin da ya ja hankalina a labarin shi ne yadda layin da aka gina a guje saboda ma'aikata dubu casa'in masu ƙera jiragen ruwa a Richmond ya ƙare bai samu cikar da aka lissafa masa ba, kuma da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare ba wanda ya so ya riƙe shi, har kamfanin da ya gina shi.

Garin da ya kumbura dare ɗaya

A ƙidayar 1940 mutanen Richmond ba su kai 24,000 ba. Gari ne na matatar man Standard Oil, da wurin haɗa motocin Ford, da tashar ƙarshe ta jirgin ƙasan Santa Fe. Bakin ruwansa na kudu fadama ce da taɓo. A Disamban 1940 Birtaniya, wadda jiragen ƙarƙashin ruwan Jamus ke nutsar mata da jiragen kaya fiye da yadda take iya mayarwa, ta ba da kwangilar jirage 30 a ƙera mata a Richmond. Wanda ya tsaya kan aikin shi ne Henry J. Kaiser, ɗan kwangilar hanyoyi da madatsun ruwa, wanda bai taɓa ƙera jirgin ruwa ba. Aka cike fadamar, aka kafa ma'aikata ta farko. Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamban 1941 Amurka ta shiga yaƙin da ƙafa biyu, ma'aikatun suka zama huɗu.

Dabarar Kaiser ita ce a daina ƙera jirgi tun daga gindi zuwa sama a wuri ɗaya. A yi kowane sashe daban a wani fili, injin ɗaga kaya ya ɗauko manya-manyan sassan ya ajiye, masu walda su manne. Walda ta maye gurbin buga ƙusoshin ƙarfe, ita kuwa walda ana koya wa sabon shiga cikin 'yan makonni. Wannan ne ya sa manomi daga Oklahoma ko matar aure daga Louisiana za su sauka garin yau, wata mai zuwa suna riƙe da kan walda. Daga waɗannan ma'aikatu huɗu jirage 747 suka fita kafin yaƙi ya ƙare, mafi yawansu jiragen kaya samfurin Liberty. A Nuwamban 1942 an haɗa ɗaya daga cikinsu, Robert E. Peary, cikin kwana 4 da awa 15 da minti 29. Wannan na nuna bajinta ne don jaridu, amma ko a aikin yau da kullum jirgi ya koma abin makonni bayan da yana cin watanni.

Irin wannan aiki mutane yake ci. A 1943 ma'aikatan sun kai kusan 90,000, an raba su kashi uku, na safe da na yamma da na dare, domin wuta ba ta mutuwa a ma'aikatun. Garin ya ninka kansa kusan sau huɗu. Gida ya zama gwal. Akwai masu hayar gado, ba ɗaki ba: mai aikin dare ya tashi, mai aikin safe ya dawo ya kwanta a ɗumin da wancan ya bari. Wasu a gidan sinima da ke kwana buɗe suke barci, wasu a cikin mota. Dubbai kuma sun samu masauki ne a Oakland da Berkeley da San Francisco, suna zuwa kullum suna komawa. To, da me za su zo?

Taya

A ƙa'ida amsar ita ce mota, don Kalifoniya ƙasar mota ce tun kafin yaƙi. Ita kanta Richmond an cire mata ƙananan jiragen lantarki na kan titi tun 1933, aka maye gurbinsu da bas. Sai dai a farkon 1942 Japan ta mamaye Malaya da tsibiran da yau ake kira Indunusiya, Singafo ta faɗi ranar 15 ga Fabrairu, kuma daga wannan yanki ne Amurka ke samun kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyen robarta. Tun a Janairu gwamnati ta hana sayar da taya sai da izini. A Fabrairu aka daina ƙera motocin farar hula. Kwamitin da Bernard Baruch ya jagoranta ya ba da rahoto a Satumba cewa in ba a yi da gaske ba ƙasar za ta tsaya cik, daga nan aka ƙayyade gudun mota kada ya wuce mil 35 a awa, kuma daga 1 ga Disamban 1942 man fetur ya koma sai da kati a faɗin ƙasar. A Kalifoniya mai ba ya wuya, rijiyoyinsa na nan, matatarsa ma a cikin Richmond take. An taƙaita mai ne don a hana taya cinyewa.

Wannan faɗuwar Malaya ta taɓa mu ma ta wata fuskar. Malaya ce babbar mai kuza ta Birtaniya, da ta suɓuce sai Turawan mulki suka juyo kan ma'adinan Jos, aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas na haƙar kuza, abin da dattawa ke kira ɗiban gwamna. Sanadi ɗaya ne ya kai talakan Arewa ramin kuza ya kuma sa aka tono tsofaffin taragai a New York.

Ka sa kanka a matsayin jami'in Hukumar Jiragen Ruwa a tsakiyar 1942. Jirage na nutsewa a Tekun Atalantika. Ma'aikatun Richmond na ɗaukar sabbin mutane kowane mako. Tayoyin motocin ma'aikata na suɗewa, ba wanda zai iya rantse maka cewa robar da ake shirin haɗawa a masana'anta za ta fito a kan lokaci. Bas ma taya yake so. In mai walda bai iso ba, jirgi ba ya fita. Abu ɗaya ne ke tafiya a ƙasa ba ya neman roba ko fetur: ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe, da lantarki a sama. A Yunin 1942 hukumar ta amince a gina layin, a Agusta aka fara aiki. Ta kuma sa jiragen fito su riƙa ɗauko ma'aikata ta ruwa daga San Francisco.

Gina layi ba tare da sabon ƙarfe ba

Ƙarfe da tagulla duk na yaƙi ne, ba mai ba ka sabo don jirgin fasinja. Sa'ar da aka taka ita ce yankin cike yake da gawawwakin layukan dogo, kuma ba su daɗe da mutuwa ba.

Ga yadda aka yi suka mutu. Kafin a gina babbar gadar da ta haɗa Oakland da San Francisco, mai zuwa aiki birni jirgin lantarki yake hawa zuwa bakin ruwa, ya shiga jirgin fito. Key System, wanda Francis Marion Smith ya kafa a 1903, yana da wata doguwar gadar katako da ta kutsa cikin ruwa, a ƙarshenta jiragen fito ke jira. A Janairun 1939 jiragen lantarki suka fara hawa hawan ƙasa na sabuwar gadar kai tsaye zuwa San Francisco, gadar katakon ta zama ba ta da amfani. Abokin hamayyarsa, layin jajayen jirage na kamfanin Southern Pacific mai suna Interurban Electric Railway, shi ma ya hau sabuwar gadar, amma asara ta kayar da shi, ya rufe a 1941, watanni kaɗan kafin Pearl Harbor. Da ya ƙara haƙurin shekara ɗaya, da fasinja sun yi masa yawa.

Daga waɗannan aka yi tsince-tsince. Wayar sama da jajayen jiragen ke amfani da ita a kan babbar gada ta zama ba mai taɓa ta, domin jiragen Key System a kan gadar daga wani dogo na uku mai ɗauke da lantarki a ƙasa suke shan wuta, sai aka kwanto ta. Katakon tsohuwar gadar fito aka ciro. Dogo aka tattaro daga layukan da aka daina bi. Hanyar kanta an bi inda aka riga aka share: daga wajen mahaɗar titi na 40 da San Pablo Avenue, inda sauran layukan Key System ke haɗuwa, jirgin ya bi dogon da ke kan San Pablo zuwa cikin Berkeley, ya karkata ta Grayson Street ya hau Ninth Street, tsohuwar hanyar jajayen jirage. Daga Albany ne aka yi sabon aiki. A nan babban layin Southern Pacific ya tare gaba, layin da jiragen kayan yaƙi da na sojoji ke bi dare da rana, ba wanda zai yarda ƙaramin jirgin ma'aikata ya riƙa gitta masa. Dole aka ɗaga gada ta tsallake shi, da wancan tsohon katako. Bayan gadar layin ya bi gefen ruwa zuwa Richmond, ya ratsa kudancin garin ta wajen Potrero Avenue da Cutting Boulevard har ƙofofin ma'aikatun.

Daga Agusta zuwa Janairu, wata biyar ke nan. Sashen farko ya buɗe ranar 18 ga Janairu, aka ƙarasa sauran a Fabrairu. Ni a ganina nan ne aka yi aikin hankali a labarin nan gaba ɗaya. Ba a tsaya neman na gani na faɗa ba, an duba abin da ke zube a ƙasa ne aka tambayi wane aiki zai iya.

Taragan

New York tana da jiragen da ke tafiya a kan gadojin ƙarfe a saman tituna tun shekarun 1870. Ɗaya daga cikin layukan shi ne na Second Avenue, wanda aka rufe rabinsa a 1940, sauran a Yunin 1942, daidai watan da aka amince da layin Richmond. Hukumar ta sayi taragai 90 daga cikin waɗanda aka jingine, aka jawo su ta dogo suka ratsa Amurka, aka shigar da su garejin Key System da ke Emeryville.

Waɗannan taragai sun ga zamani. Lokacin da aka ƙera su ƙaramin kan jirgi mai tururi ke jan su yana zubar wa masu tafiya a ƙasa toka. A farkon shekarun 1900 aka sa musu injin lantarki. Yanzu ga su a karo na uku za a sake musu hali, kuma matsala biyu ce babba.

Ta farko wuta. A New York akwai dogo na uku a gefen biyun da ƙafafu ke bi, shi ke ɗauke da lantarki, wani takalmin ƙarfe a ƙarƙashin tarago yana goga shi. A kan gadar sama wannan ba laifi, ba mai takawa. A tsakiyar San Pablo Avenue kuwa, inda yara ke tsallakawa, motoci na gittawa, dogo mai wuta a ƙasa kisa ne. Sai aka cire takalman, aka ɗora wa rufin wani hannun ƙarfe mai naɗewa, wanda ke miƙewa sama ya dafa waya, yana lanƙwasawa yana miƙewa gwargwadon tsayin wayar. Rufin katakon da aka yi don ya tare ruwan sama kawai, shi ne yanzu ke ɗauke da wannan nauyi.

Ta biyu ta fi ban haushi, ita ce kuma ta yanke wa layin irin rayuwar da zai yi. Taragon jirgin da ke bin gada a saman titi ba shi da matakala, domin a New York ƙasan tarago da dandamalin tasha tsayinsu ɗaya, ƙafa kawai za ka miƙa. A Kalifoniya jiragen kan titi tsayawa suke a kwana, fasinja ya tako daga kwalta. Wanda ya tsaya a kwalta kusa da taragon New York, bakin shigarsa na wajen ƙirjinsa. Maimakon a yi wa taragai 90 matakala, sai aka kafa dogayen dandamali na katako a tashoshin. Wannan ya yi daidai da buƙatar lokacin canjin aiki: ɗaruruwan mutane da hular ƙarfe da kwanon abinci su shige tarago cikin ɗan lokaci ba tare da hawa-hawa ba. Amma ma'anarsa jirgin ba ya iya tsayawa sai inda aka yi masa dandamali. Yana wucewa ta ƙofar gidajen mutane a Berkeley, ba halin ya ɗauki mai zuwa kasuwa. Jirgin ma'aikata ne tun daga ƙirarsa, ba jirgin gari ba.

Shiga kuwa ta baranda ce a ƙarshen kowane tarago, da ƙyauren ƙarfe da ma'aikacin jirgi ke buɗewa yana rufewa da hannu. Yanayin bakin ruwan San Francisco sanyi ne da hazo, musamman da asuba. Ka ƙiyasta mutumin da ya kwana yana walda a cikin cikin jirgi, ya fito gari na wayewa, ya zauna a taragon da ya girmi ubansa, yana kaɗawa yana ƙara a kan dogon da aka tsinto daga wurare daban-daban.

Su wa ke ciki

Fasinjan wannan jirgi baƙi ne akasarinsu. Masu ɗaukar ma'aikata na Kaiser sun bazu a jihohin kudu da na tsakiya suna kiran mutane. A 1940 baƙaƙen fata 270 ne kacal a Richmond, kafin yaƙi ya ƙare sun zama dubbai, daga Texas da Louisiana da Arkansas da Oklahoma. Mata sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan. A cikin tarago kowa inda ya samu yake zama, don Kalifoniya ba ta da dokar raba kujeru irin ta jihohin kudu. Amma da an sauka, bambancin na nan yana jira. Ƙungiyar ƙwadagon da ke riƙe da yawancin ayyukan ma'aikatun ba ta karɓar baƙar fata a matsayin cikakken ɗan ƙungiya. Reshe na daban ta ware musu, A-36, suna biyan kuɗin ƙungiya ba su da ƙuri'a. Betty Reid Soskin, wadda daga baya ta yi suna a matsayin ma'aikaciyar gandun tarihi mafi tsufa a Amurka har ta yi ritaya tana da shekara 100 a 2022, a ofishin wannan reshe ta yi aikin akawu a ƙuruciyarta. Wajen gida ma haka: unguwanni da yawa na da sharaɗin kada a sayar ko a ba baƙar fata haya, shi ya sa suka cunkushe a yammacin Oakland da kudancin Berkeley da wata unguwa marar kwalta a arewacin Richmond.

Me ya hana shi cika

Layin ya yi aikinsa, ya kai mutane ya dawo da su, amma bai kai ga yawan fasinjan da aka yi lissafi ba. Ga yadda na fahimci dalilan.

Na farko, ya zo a makare, duk da saurin da aka yi. Mutumin da ya fara aiki a 1942 bai zauna jiran jirgi ba. Kafin Janairun 1943 ya riga ya samo hanyarsa, kuma hanyar da dokar rabon mai da kanta ta nuna masa ita ce mota. Mai katin talakawa galan 4 yake samu a mako. Ma'aikacin masana'antar yaƙi da ya ɗauki abokan aiki a motarsa yana samun ƙarin mai, yana kuma gaba a layin neman taya. Sai mutum huɗu ko biyar su haɗu, a yi karo-karon kuɗin mai, motar ta ɗauke ka a ƙofar gida ta ajiye ka a ƙofar ma'aikata. Wato hannu ɗaya na gwamnati na gina jirgi, ɗaya hannun na ba mutane dalilin ƙin hawansa.

Na biyu, gwamnatin dai ita ce ta gina dubban gidajen wucin gadi a kudancin Richmond, dab da ma'aikatun. Wanda ya samu ɗaki a nan, ƙafa ta ishe shi ko gajeriyar tafiya a bas. Duk gidan da aka gina a Richmond fasinja ne aka rage wa jirgin, ko da yake wasu rukunin gidajen, kamar Codornices Village da ke kan iyakar Berkeley da Albany, sun faɗo kusa da layin.

Na uku, jirgin bai kai kowa gida ba. A iyakar Emeryville da Oakland yake tsayawa, daga nan sai ka sauya wani jirgin. Ga tafiyar hawainiya a tsakiyar titi tare da motoci. Mai aikin awa takwas a tsaye yana ƙirga kowane minti na hanya.

Na huɗu shi ne babba: masifar da aka gina layin dominta ba ta auku ba. Shirin haɗa roba daga man fetur da barasar masana'anta ya yi nasarar da ba a zata ba. A 1944 Amurka ta haɗa sama da tan 700,000. Taya ta yi wuya har ƙarshen yaƙi, amma motocin ma'aikata ba su tsaya ba.

Saboda haka ba na cikin masu cewa an yi asarar kuɗi. A Yunin 1942 ba wanda ya san robar za ta fito. Da ba ta fito ba, da tsofaffin taragan nan su ne tsakanin ma'aikatu huɗu da rufewa. Kamar rijiyar da mutum ya haƙa a gida ne don tsoron ranar da famfo zai ɗauke. In famfo bai ɗauke ba, ba za a ce mai rijiya wawa ne ba. Inda nake ganin an gaza shi ne wajen daidaita hannayen gwamnatin: masu rabon mai, masu gina gidaje da masu gina layi kowa gabansa ya sa, ba wanda ya zauna ya haɗa lissafin uku.

Bayan yaƙi

Tun kafin Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945 kwangilolin jirage sun fara raguwa, ana sallamar ma'aikata, mata da baƙaƙen fata a sahun gaba. Layin da abokin cinikinsa ɗaya ne, in abokin cinikin ya tafi magana ta ƙare. Makonni kaɗan bayan an sa hannu kan takardar miƙa wuya, jirgin ya yi sawunsa na ƙarshe.

Hukumar ta yi wa Key System tayin ya sayi layin, kamfanin ya ce a kai kasuwa. Ana yawan ɗora mutuwar jiragen lantarkin wannan yanki a kan National City Lines, kamfanin da General Motors da Firestone da Standard Oil na Kalifoniya suka zuba wa jari, wanda kotu ta samu da laifin haɗa baki wajen mamaye cinikin bas da kayansa a 1949. Gaskiya ne shi ya karɓi Key System, kuma a hannunsa aka cire jiragen kan titi a 1948, aka kuma daina hawa babbar gada da jirgi a 1958. Amma a 1946 ya karɓa. Lokacin da aka ƙi sayen layin Richmond bai zo ba tukuna, masu kamfanin na asali ne suka ƙi.

In ka duba da idon ɗan kasuwa, ba ka ga laifinsu. Me za su saya? Dogon da ya riga ya tsufa kafin a shimfiɗa shi, gadar katakon da ya sha ruwan gishiri shekara da shekaru, taragan da suka haura shekara hamsin, tashoshin da ke kallon ƙofofin ma'aikatun da za a rufe. Layin ya bi ta kudancin Richmond ne, bai shiga Macdonald Avenue inda kasuwar garin take ba. Kafin ya zama jirgin gari sai an sake masa hanya, an sayi sabbin taragai, kusan a ce an sake gina shi, a daidai lokacin da aka saki mai da taya kowa na rububin sabuwar mota.

In ka duba da idon mutanen Richmond kuwa, lissafin daban ne. Baƙin da aka zata za su koma inda suka fito ba su koma ba. A ƙidayar 1950 garin na da mutum 99,545, aiki kuwa ya tafi, dole a nemo shi a Oakland da San Francisco, daidai inda layin ya nufa. Hanyar da aka riga aka share, da gadar da ta tsallake babban layi, abubuwa ne da ke da wuyar samu a karo na biyu. Sai dai ba wata hukuma a lokacin da aikinta ne ta yi wannan tunani. Hukumar Jiragen Ruwa jirgi take ƙerawa, Key System riba yake nema, ƙaramar hukumar garin kuma ta fi damuwa da yadda za ta rushe gidajen wucin gadi. A tsakiyar shekarun 1950 aka rushe yawancinsu, Ford ya kwashe ya koma Milpitas, a 1960 mutanen garin suka ragu zuwa 71,854. Jirgin lantarki bai sake shiga Richmond ba sai a Janairun 1973, da layin BART, sabon jirgin fasinja na yankin, ya iso, shekara 27 da 'yan watanni bayan an tattare wancan, kuma ta wata hanya daban.

Yau bakin ruwan ya zama gandun tarihi na ƙasa da aka kafa a 2000 don tunawa da ma'aikatan yaƙi, jirgin Red Oak Victory da aka ƙera a nan a 1944 yana ɗaure a tsohuwar ma'aikata ta uku ana shiga kallo. Na layin dogon kuwa, in ka bi Ninth Street a Berkeley ba abin da zai nuna maka jirgi ya taɓa wucewa. Taragai biyu ne suka tsira, masu lamba 561 da 563, suna ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na Western Railway Museum da ke gundumar Solano, a arewa maso gabashin Richmond.